Makokin da Na Yi wa Maigida Yana Raye

Kunya ce ta ɗaure mini baki ranar nan, ko kuwa dai ban so abin ya zama gaskiya ba ne? Damina biyu ke nan ina juya wannan tambaya. In juya ta a kan tabarmar salla, in juya ta a bakin murhu, har yau ban samo mata amsa ba. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, ban iya riƙe alƙalami ba. Ɗiyata Rabi ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, har da wuraren da za a yi mini dariya. (Ta ce in rage wasu. Na ce garinmu duka ya riga ya yi dariyar, me ya rage a ɓoye?)

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa manta ranar da na yi wa maigidana kukan mutuwa yana nan da ransa ba. Amma sai na fara ba ku labarin ramin tukuna.

Maigida, wanda sunansa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da ba ya nan, ɗan ci-rani ne kamar kowane namiji a ƙasarmu ta Adar. Da an kai gero rumbu sai maza su kama hanya, a bar mu da yara da awaki. Shi ya fara da Abijan, ya koma Libiya, daga can ya haye ruwa zuwa ƙasar Turawa. Ya daɗe har wasu suka fara ba ni haƙuri. Da ya dawo, da 'yar jaka guda ya dawo, da tari, da wani hali da ban san shi da shi ba: ba ya iya barci. A ɗaki ya ce iska na kaɗa ƙofa. A tsakar gida ya ce sama ta yi masa faɗi. Sai ya kwana zaune, ya wuni ido jajur.

Wata safiya ya ɗauki diga da felu ya nufi bayan rumbu. Ya haƙa ƙasa har ta shanye tsayinsa, sannan ya karkata gefe ya buɗe wani ɗan ɗaki daidai kwanciyar mutum. Ƙasar wajenmu tauri gare ta, fara ce mai dutse, ba ta ruftawa. Ya kafa tsani, ya shimfiɗa tabarma, ya yi wa bakin marufi da kwano saboda ruwan sama. Ranar ya yi barcin da bai yi ba tun dawowarsa.

Maƙwabta suka dame ni da tambaya. Rijiya ce? Salga ce? Na ce wurin ajiye albasa ne. (Ko buhu guda na albasa ba mu taɓa nomawa ba, kuma kowa ya sani.) Na tambaye shi, abin da ya ce mini kawai shi ne, a birnin da ya zauna akwai jirgin ƙasa mai tafiya a ƙarƙashin gari, suna ce masa meturo, kuma a can ya saba kwana. Na sa wannan cikin kwandon labaran 'yan ci-rani, inda na sa labarin ruwan da ke daskarewa a hanci.

Ni dai ban taɓa sauka ramin ba. Ina ganin mai rai ba ya shiga ƙasa kafin a kira shi. In zan ba shi fura, sai in ɗaura ƙwarya da igiya in zura masa, kamar mai mayar wa rijiya ruwanta. Shi kuwa daga ƙasa ya riƙa tsokanata, ya ce 'yar Karofane, sauko ki sha sanyi, kina can rana na gasa ki kamar masara. Da wannan sunan yake kirana, don a Karofane aka haife ni.

To, ranar da abin ya faru bazara ce, irin wadda ko ƙadangare ba ya taka dutse. Ranar kasuwar Buza ce kuma, maza duk sun tafi, gari ya rage mata da yara da tsofaffi. Shi bai je ba, ya ce kansa na ciwo, ya sauka da hantsi. Na zura masa fura. Azahar ta yi bai fito ba, mutumin da ko yana zazzaɓi ba ya barin salla ta wuce shi. Na je bakin ramin na yi sallama, shiru. Na jawo igiya, fura na nan yadda na dama ta. Na jefa tsakuwa, shiru. Na kwanta rub da ciki na leƙa, ba abin da na hango sai tafin ƙafafunsa biyu a miƙe, farin mayafi ya rufe sauran.

Mace mai hankali da sai ta sauka ta taɓa shi. Ni kuwa na ɗora hannu a ka.

Wanda ya fara zuwa Baba Nomau ne, tsohon maƙwabcinmu, gwiwoyinsa sun mutu tuntuni, idonsa kuma har akuya yake yi wa sallama. Ya dogara sanda ya leƙa duhun, ya daɗe, sannan ya ɗago ya yi salati. Shi ke nan, babba ya gani ya tabbatar. Aminiyata Tsahara ta rungume ni, mata suka cika gida, aka jawo turame aka fara dakan gumbar sadaka. Lokacin wayar salula ta shigo garinmu, kowa na neman dalilin taɓa ta, sai ga dalili ya samu. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa, ya kai Keita, ya kai Madawa inda Rabi ke aure. Ta hau moto, wato babur, da goyo, takalmi guda ya faɗi a hanya ba ta tsaya ɗauka ba. (Ga ta nan tana rubutu tana hararata.) Samarin da suka fara dawowa daga kasuwa suka ɗauki diga suka nufi makabarta, don a irin wannan zafi ba a ajiye gawa. Aka ce kada kowa ya sauka sai wansa Illa ya iso, shi ya kamata ya fara taɓa ɗan'uwansa.

Ni kuwa ina birgima a bakin rami. Liman ya aiko a ce mini in yi haƙuri, kuka da ƙarfi ba kyau, ban ji ba. Na faɗi abubuwan da ban taɓa faɗa ba. Na ce wa zai ƙara tsokanata. Na ce shekarun da na yi ina jiransa ban ƙoshi da ganinsa ba. Sannan na yi babbar: a gaban ƙannensa mata, a gaban gwaggonsa, na buɗe baki na kira sunansa. Sunansa na yanka, tsirara, ba Malam ba maigida. Na kira, na sake kira. Mu a wajenmu mace takan tsufa ta mutu ba ta furta sunan mijinta ba. Ni ko mai sunansa na haɗu da shi, sai in ce masa mai sunan maigida. Amma ranar na yi ta kwarara shi kamar mai tallan goro.

Illa ya iso da maza, da farin yadin likkafani a ɗaure bayan moto, tun a kasuwa ya yanko shi. Ya share hawaye, ya karɓi torci, ya sauka tsani a hankali. Gida ya yi tsit, har masu daka suka tsaya. Ya durƙusa, ya janye mayafi, ya kai hannu zai shafe masa ido. Sai gawa ta cafke masa wuyan hannu, ta ce da raɗa:

“Kashe fitilar nan, Bello, za su gan mu.”

Ban taɓa ganin mai ƙiba ya hau tsani da irin wannan sauri ba. Bayansa kuma sai ga maigida ya ɗago kai daga ƙasa, farin mayafi a kafaɗa, farar ƙura a gemu. Mata suka watse, turmi ya kife, wata ta bar ɗanta ta ɗauki na wata. Baba Nomau, mai matattun gwiwoyi, an ce shi ya riga kowa isa gida.

Maigida ya tsaya yana ƙifta ido. Ya dubi jama'a, ya dubi gumba, ya dubi farin yadi. Ya tambayi Liman wa ya rasu.

Liman ya ce, “Kai na, in ji iyalinka.”

Wani ya fara dariya daga baya, sai ta kama kowa kamar wutar kara. Masu kuka ɗazu suka riƙe ciki tun hawayen bai bushe ba. Ni na ja mayafi na rufe fuska, na rarrafa ɗaki na shige bayan gado. A ranar na fara gane amfanin rami. Da ba kowa a bakinsa, da ni ce zan sauka.

Daga bayan gado na ji dariya na mutuwa kaɗan kaɗan. Na leƙa ta kafar ƙofa. Maigida na zaune a kan turmin da ya kife, yana kuka, irin kukan da namiji ba ya yi a gaban mutane. Sannan ya ba da labarin da bai taɓa ba ni ba.

Ya ce a ƙarƙashin birnin nan, bayan hanyar da jirgi ke bi, akwai wasu tsofaffin hanyoyi da aka daina aiki da su, da ɗakuna masu ƙofar ƙarfe da kakannin Turawan suka gina lokacin yaƙinsu, don su ɓuya in jiragen sama na zubo wuta. Yaƙi ya ƙare, aka rufe aka manta. Bencinan da mutane suka zauna suna jiran wuta ta wuce suna nan, da rubutunsu a bango. A nan shi da wasu marasa takardun zama suke kwana in sanyi ya shigo. Ba rana ba wata. In suka ji rugugin jirgin farko ƙura ta zubo musu daga sama, sun san asuba ta yi, sai su yi taimama su fuskanci inda suke zaton gabas ne. Dokar wurin guda ce: in ka ji sawu ko ka ga haske, ka kwanta kamar gawa, ko an taka ka kada ka motsa, don in an kama ɗaya an kama duka.

Ya ce yana da aboki a can, Bello, Bafillace daga wajen Keita, tare suka haye ruwa, bargo guda suke rufa. Tari ya kama Bello, ya riƙa cusa bargo a baki don kada a ji. A nan ya cika. Ba ruwan da zai isa wanka, ba likkafani, ba halin ɗaga murya. Suka yi masa salla da raɗa, suka ɗauke shi zuwa inda ma'aikatan jirgi ke wucewa, suka kwantar da shi suka koma duhu. Bai san inda aka kai shi ba, bai san ko an rufe shi yana fuskantar gabas ba. Da ya dawo gida ya nemi danginsa, makiyaya ne, sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa.

Ya ce yau da farko barci ne ya yi masa nauyi, ga auduga ya toshe kunne saboda ciwon kai. Da ya farka ya ji ƙasa na girgiza, ashe dakan gumbarsa ne, sai ya ɗauka jirgi ne. Ya ji sawu da yawa a samansa. Jikinsa ya koma can kafin hankalinsa ya dawo nan, ya bi doka ya kwanta.

Sai ya dubi Liman ya ce, tunda an taru, an daka gumba, yana roƙo kada a watse. A yi wa Bello addu'a, a raba sadakar da sunansa. Haka aka yi. Waɗanda suka zo daga nesa suka zauna, aka yi fatiha, Tsahara da ba ta taɓa ganin Bello ba ta yi masa kuka. Aka aika samari su mayar da ƙasar kabari. Likkafanin kuwa maigida ya karɓa ya naɗe, ya ce wa Illa ya gode, ya rage masa wahalar wata rana.

Da gida ya watse ya same ni har yanzu a bayan gado. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya zauna a bakin gadon ya ce ya ji komai. Ya ce da ya ji sunansa da muryata ya rasa ko mafarki yake ko ya riga ya mutu, kuma ko wanne ne bai so ya tashi ba.

Ya ce, “Ashe kin san sunan nawa. Sai na mutu za ki kira shi?”

Na ce ya fita ya ba ni wuri.

Kunyar nan na sha ta shekara da shekaru. Na yi wata ban je rijiya ba. In an yi rasuwa a gari aka kawo labari, sai wani ya tambaya an tabbatar ko dai ni ce na faɗa. Yaran da ba a haifa ba lokacin sun tashi sun san labarin. In maigida ya yi gyangyaɗi a majalisa, abokansa su ce a tashe shi kafin matarsa ta gani. Tsahara kuwa in ta ga ina jiƙa gero, sai ta ce wa za mu rufe yau. Shi ma bai bar ni ba. Kowane lokaci zai sauka rami sai ya ce, 'yar Karofane, barci zan yi, a bar turmi ya huta.

Abu ɗaya ya canja. Ya cire tsanin ya sassaƙa matakala a jikin ƙasa saboda ni, na koyi sauka. Wuri ne mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa, ka ji motsin gari a samanka kamar daga wata duniya. Ranakun zafi nakan kai masa fura da hannuna, in zauna a gefen ƙafafunsa ina ɓare gyaɗa, shi yana ba ni labarin ƙofofin ƙarfen nan. Na yi rantsuwa a raina ba zan ƙara tara mutane ba sai na tabbatar.

Tarin nan bai taɓa barinsa ba. Da tsufa ya zo sai ya ƙaru, mun je likitar mishan sun ba shi magani, ya yi sauƙi ya dawo. Bazarar da ta wuce waccan, wata safiya ya sauka da hantsi kamar kullum. Azahar ta yi bai fito ba. Na tsaya a bakin ramin na yi sallama, shiru. Wannan karon na sauka.

Yana kwance a gefen dama, fuska gabas. Na taɓa ƙafarsa, da ɗumi. Na sa kunne a ƙirjinsa, ban san abin da na ji ba, ko nasa ne ko bugun nawa kunnen. A lokacin akwai maza a gari. Akwai moto a ƙofar Illa. Murya ɗaya zan ɗaga. Sai na ga fuskokin nan, na ji dariyar nan, na ce a raina bari in ɗan jira, mutumin nan ya iya kwanciya kamar gawa, an koya masa. Na zauna na ɗora ƙafafunsa a cinyata. Na sunkuya na kira sunansa a hankali, karo na biyu a rayuwata, don na san in yana ji wannan zai sa ya yi dariya. Bai yi ba.

Ina nan zaune na ji kiran la'asar daga sama. Ɗumin na barin ƙafar kaɗan kaɗan a cikin hannuna, ina murza ta ina cewa sanyin rami ne. Har na kai inda ba zan iya faɗa wa kaina haka ba.

Na hau, na wanke fuska, na taka zuwa gidan Tsahara ba kuka ba ihu. Na ce mata ta aika a kira Illa, maigida ya rasu. Ta yi dariya ta ce, “Kin kuma?” Sannan ta dubi fuskata, ƙwaryar hannunta ta faɗi.

Da wancan likkafanin aka rufe shi. Ya ɗan yi ja saboda ajiya, amma ya isa. Mutane sun zo, sai dai ba su kai na farko ba, don da yawa daga masu kukan ranar sun riga shi tafiya. Wani ɗan unguwarmu mai aiki a likitar mishan ya ce mini irin wannan ko a ƙofarsu ya faru ba lalle a iya komai ba. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da su duka biyun, na kuma yarda da Allah. Amma su ba su zauna a ramin ba daga azahar zuwa la'asar.

In akwai darasi a nan, ga shi, ku ɗauka daga bakin wadda ta iya kuskure ta kowane gefe: da na yi gaggawa gari ya yi mini dariya, da na yi jinkiri ba wanda ya yi, kuma na farkon ya fi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Kunya ba ta kashe ni ba, ga ni nan. In kun ji shiru daga wanda kuke so, ku yi ihunku. In yana raye, ya tashi ya ci gumbarsa.

'Ya'ya sun ce a cike ramin, kada jikoki su faɗa. Na ce su bari sai bayan raina. Nakan sauka in rana ta yi zafi, in zauna inda na saba, gefen da ƙafafunsa suke.

Safiyar ranar da ya rasu, da zai sauka, ya tsaya a matakala ta biyu yana mayar da numfashi, kansa kawai ke waje. Ina shara. Na jira ya yi maganar turmi kamar kullum, har na shirya amsar da zan ba shi. Sai ya daɗe yana kallona, ya yi murmushi, ya ce:

“'Yar Karofane, in kin ji shiru kada ki wahal da mutane. Ni na riga na ga tawa jana'izar, ta yi kyau. Ke kika shirya ta.”